Rijiyoyin Mirya sun faɗa teku: neman taimako kan CRS a cikin R

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum malamai, barkanku da war haka. Ina wani aiki a R, manhajar lissafin bayanai, da ƙunshinta na taswira mai suna sf, ya cije mini a kan CRS, wato tsarin lambobin wuri. Fayil uku ne a hannuna. Na farko CSV ne daga KoboToolbox, manhajar tattara bayanai, wuraren rijiyoyi da famfunan burtsatse na gundumomin Mirya da Magarya, kowane layi da latitud da lonjitud ɗinsa, irin 13,71 da 9,15. Na biyu shapefile ne na ƙauyuka, ya zo ba .prj (fayil ɗin da ke faɗin CRS ɗinsa) a tare da shi, lambobinsa manya ne, irin 516200 da 1515600. Na uku iyakokin lambunan rani ne, `st_crs` ya ce lambar CRS ɗinsa EPSG:3857 ce.

Abin da ake nema: nisan kowane ƙauye da rijiyar da ta fi kusa da shi, ƙauyukan da ba su da ruwa cikin kilomita 5, faɗin lambuna da hekta, sai ruwan sama na CHIRPS, bayanan ƙiyasin ruwan sama daga tauraron ɗan adam da tashoshin awo, a kan kowane ƙauye.

Da na kira `st_distance` sai ya tsaya da `st_crs(x) == st_crs(y) is not TRUE`. Sai na bi su duka ukun da `st_set_crs(32632)` don su zama iri ɗaya. Saƙon ya ɓace, amma rijiyoyin duk sun dunƙule wuri guda, da na ɗora su kan taswira sai ga su cikin teku kudu da gaɓar Najeriya, nisan kuma wajen kilomita 1,600 ga kowane ƙauye. Ko kafin haka ma, hektar lambunan ta fi wadda aka auna da ƙafa da GPS da kamar kashi 6 cikin 100. Ina na kuskure? Allah ya saka da alheri.

Mai Taswira:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Matsalar tana cikin `st_set_crs`. Shi ba ya taɓa lamba ko ɗaya, laƙabi kawai yake mannawa, kamar ka rubuta "gero" a bayan buhun dawa. Mai sake lissafa lambobin daga wani tsari zuwa wani shi ne `st_transform`. R ma ya gargaɗe ka lokacin da ka sauya laƙabin fayil na uku, ya ce sauya crs ba ya sake shimfiɗa bayanai, sai dai irin wannan gargaɗin kowa wuce shi yake yi.

Ga dalilin faɗawa teku. EPSG:32632 shi ne UTM shiyya ta 32 arewa, awonsa da mita ne. X ana ƙirga shi ne ta yadda layin tsakiyar shiyyar, wato digiri 9 gabas, yake da 500,000, Y kuma daga ikwaita. Da ka ce wa R 9,15 da 13,71 mitoci ne, sai ya ajiye rijiyar mita goma sha huɗu arewa da ikwaita, kilomita 500 yamma da layin tsakiya. Nan kuwa ruwan Tekun Gini ne, wajen digiri 4.5 gabas. Rijiyoyinka duk suna cikin fili wanda bai kai ɗaki ɗaya ba.

Fayil ɗin da ba shi da .prj, lambobinsa ne za su faɗa maka ko wane ne shi. Kira `st_bbox` ka duba. Mu a Damagaram abin ya zo mana da sauƙi, domin garin yana wajen digiri 13.80 arewa da 8.99 gabas, kusan a kan layin tsakiyar shiyya ta 32 yake zaune. Saboda haka:

Idan X na garin ya fito wajen 499,000, Y wajen 1,525,600, UTM 32 ne. Mirya tana ɗan gabas, shi ya sa ka ga 516,200. Magarya Y ɗinta wajen 1,437,000, Tanut wajen 1,655,000.
Idan X ya fito wajen 1,000,000, Y wajen 1,551,000, Web Mercator ne, wato 3857.
Idan X ya kai wajen 1,148,000, wani ne ya lissafa shi da shiyya ta 31, wadda Yamai take ciki. Wannan yakan faru da fayilolin da aka haɗa wa ƙasa baki ɗaya.
Idan lambobin ƙanana ne, 7 zuwa 12 da 13 zuwa 17, digiri ne, irin na GPS, wato EPSG:4326.

Naka UTM 32 ne, to a nan kaɗai `st_set_crs` ya halatta, tunda laƙabin ne ya ɓata, lambobin lafiyarsu lau. Ka yi hankali da lambar ƙarshe. In hannunka ya zame ka rubuta 32631, ba wani saƙon kuskure da za ka gani, ƙauyukan Mirya ne kawai za su yi ƙaura digiri 6 yamma, wajen kilomita 650, su sauka tsakanin Yamai da Dogon Dutsi.

Ka sake buɗe fayilolin daga tushe (`d` shi ne teburin CSV ɗin), kar ka yi ƙoƙarin gyara waɗanda ka riga ka ɓata wa laƙabi:

`rij <- st_as_sf(d, coords = c("lon", "lat"), crs = 4326) |> st_transform(32632)`
`kauye <- st_read("kauyuka.shp") |> st_set_crs(32632)`
`lambu <- st_read("lambuna.shp") |> st_transform(32632)`
`i <- st_nearest_feature(kauye, rij)`
`kauye$nisa <- st_distance(kauye, rij[i, ], by_element = TRUE)`
`lambu$ha <- units::set_units(st_area(lambu), ha)`

`by_element = TRUE` ɗin nan kar ka manta da shi, in ba haka ba zai lissafa maka nisan kowane ƙauye da kowace rijiya, tebur guda mai cinye ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ƙauyukan da suka wuce kilomita 5 kuma ba sai ka zana zobe ba, `kauye[kauye$nisa > units::set_units(5000, m), ]` ya wadatar.

Kashi 6 ɗin da ka gani a hekta, halin Mercator ne. Yana buɗa tsawo da 1 a raba da kosin na latitud. A digiri 13.8 wannan ya kama 1.03, kuma ta fuska biyu yake buɗawa, sai faɗin fili ya ƙaru da kashi 6 zuwa 7 cikin 100. Lambu mai hekta 100 zai fito 106 da ɗoriya, kuma abin ƙaruwa yake in ana yin arewa: a Tanut ya haura kashi 7, a Bilma ya wuce 11. An yi 3857 ne don hotunan taswirar intanet su jeru da sauri a allo, ba don awo ba. UTM shi ma yana da nasa ragi, 0.9996 a kan layin tsakiya, wato santimita 40 a kowace kilomita, hekta 100 ta koma 99.92. Wannan ko GPS ɗin waya ba zai iya gane shi ba.

Malamar Lissafi:

Malam ya gama da babbar matsalar. Ni CSV ɗin ne ban yarda da shi ba, ɗana, domin ka rubuta 13,71 da waƙafi. Alama ce fayil ɗin ya ratsa ta Excel na Faransanci. In haka ne, waƙafi ne alamar desimal, kolon-kolon kuma da `;` aka raba su. `read.csv` zai karanta layin duka a matsayin kolon ɗaya, ko ya ɗauki lambobin a matsayin rubutu. Yi amfani da `read.csv2`, sannan ka kira `str(d)` ka tabbatar lat da lon `num` ne, ba `chr` ba. In ka bi rubutun da `as.numeric` kai tsaye, duk mai waƙafi NA zai koma, `st_as_sf` kuma ba ya karɓar NA a lambobin wuri.

Na biyu, jerin. Bakinmu ya saba da "latitud, lonjitud", Kobo ma haka yake ajiye su: latitud, lonjitud, tudu, sannan daidaito. Amma sf X yake so a gaba, X kuwa lonjitud ne. A wasu ƙasashe in ka juya su kuskuren yana bayyana nan take, tunda latitud ba ta wuce 90. Mu namu duka biyun ƙanana ne, kowace tana iya zama a gurbin ƴar uwarta. Juya na Damagaram, ka samu digiri 8.99 arewa da 13.80 gabas: arewacin Kamaru ke nan, kusa da Garwa. R ba zai ce uffan ba. Mafi muni shi ne a ce layi goma ne kacal cikin ɗari huɗu aka juya, wajen cikawa da hannu.

Na uku ya fi su ɓuya. Tsofaffin takardun rijiyoyi da digiri, minti da sakan aka rubuta su, irin 13°48'00". Mai shigarwa sai ya buga 13.48. Daidai ɗin shi ne 13 + 48/60, wato 13.80. Bambancin digiri 0.32 ne, kowace digirin latitud a nan kilomita 110.6 ce, rijiyar ta gusa kudu da kilomita 35 ke nan, kuma har yanzu tana cikin jihar, ba wanda zai zarge ta. Hanyar kama shi: ka ciro lambobi biyun farko na bayan desimal ka yi musu `hist`. In ba wanda ya haura 59, to mintoci ne aka ɓad da kamarsu. Haka ma GPS na hannu da aka saita a digiri da minti mai desimal, 13°48.250', nan 48.250 za ka raba da 60.

Kuma ka duba yawan lambobin bayan desimal. Biyar suna ba da wajen mita 1, uku wajen mita 110, biyu kuwa fiye da kilomita 1. In 13,71 ɗin nan haka yake cikin fayil ɗin, ba taƙaitawa ka yi mana ba, to Excel ya yanke su, sai ka koma Kobo ka sake saukewa. Nisan rijiya da aka lissafa da desimal biyu bai cancanci a rubuta shi da mita ba.

Kafin kowane lissafi ka sa shinge:

`subset(d, lat < 12.5 | lat > 14.5 | lon < 8 | lon > 10.5)`

Duk abin da ya fito nan ka duba shi da ido. Daga nan ka haɗa ɗigon da iyakokin kwamin ta `st_join`, ka gwada sunan kwamin da mai tattara bayani ya rubuta da wanda taswira ta ba shi. Inda suka saɓa, ko dai rijiyar a bakin iyaka take, ko lambar ce ba daidai ba.

Na Zango:

Malam Mai Taswira, a gafarce ni, akwai wurin da zan ɗan ja da ku. Tun sf 1.0 na shekarar 2021, in bayanai suna digiri, ƙunshin s2 ne yake lissafin a kan dunƙulen duniya. `st_distance` da `st_area` a kan 4326 mita da murabba'in mita suke bayarwa, ba digiri ba. Don haka ba dole ne ya koma UTM ba, yana iya mai da duka 4326 ya yi aikinsa. Yawancin darussan da ke yawo a intanet na zamanin sp da rgdal ne, su kuwa rgdal, rgeos da maptools an janye su daga CRAN, rumbun ƙunsoshin R, a Oktoban 2023. Duk inda ka ga `+init=epsg:4326` ko `spTransform`, tsohon yayi ne, shi `+init` tun fitowar PROJ 6 (manhajar da ke juya lambobin wuri) a 2019 aka bar salonsa.

Maganar CHIRPS kuma, ɗan uwa, kar ka juya rasta, wato taswira mai gida-gida kamar raga, ɗigon za ka juya. CHIRPS yana 4326, kowane gida digiri 0.05 ne, a wajenmu kamar kilomita 5.4 gabas da yamma, 5.5 kudu da arewa, bayanansa kuma daga 1981 suka fara. In ka bi shi da `terra::project` zuwa UTM, sabon raga ake shimfiɗawa a sake ƙiyasta kowane gida daga maƙwabtansa, lambobin ruwan sun canza ke nan ba gaira ba dalili. Ɗigo kuwa ana juya shi a dawo da shi ba abin da ya ragu:

`r <- terra::rast("chirps.tif")`
`v <- terra::vect(st_transform(kauye, terra::crs(r)))`
`ruwa <- terra::extract(r, v)`

Ka sa a ranka ƙauyuka biyar ko shida na iya faɗawa gida ɗaya su sami lamba ɗaya, musamman a Magarya inda garuruwa suke kusa da juna. In za ka sa ruwan sama cikin regireshan, waɗannan ba shaidu shida ba ne masu zaman kansu.

Idan juya rasta ya zama tilas, misali haɗa hoton tauraron Sentinel-2 mai mita 10, wanda dama a UTM yake zuwa, da wani na digiri, hanyar ta danganta da abin da ke cikin gidan. Na rukuni, irin gona, daji, tabki, `method = "near"`, in ba haka ba za a haɗa lambar gona da ta tabki a raba biyu a ba ka rukunin da babu shi. Mai gudana, irin tudu ko zafi, `"bilinear"`. Na ƙidayar mutane irin WorldPop shi ne mai haɗari, domin lambar adadin mutanen gidan ce, in girman gida ya canza jimilla ta lalace. Bar shi yadda ya zo, ka juya iyakokin zuwa tsarinsa, ka tara da `exactextractr::exact_extract(r, iyaka, "sum")`.

Mai Taswira:

Na Zango, gaskiyarka a kan rasta, ban da abin ƙarawa. A kan s2 kuwa ina nan kan UTM, ga dalili. s2 ƙwallo sak yake ɗaukar duniya, alhali ta ɗan baje a kai da gindi. A ƙwallon, digirin latitud kilomita 111.2 ce ko'ina, a ƙasa kuwa nan wajenmu 110.6 ce. Nisan kudu da arewa yana ƙaruwa da rabin kashi ɗaya cikin 100, mita 25 a kilomita 5. Ba yawa, amma ya ninka na UTM fiye da sau goma a garin da ke kan layin tsakiya, kuma shi yaron iyaka ce zai yanke a kan 5,000 cif. Sannan `st_buffer` ta s2 gefenta gantsa-gantsa yake fita sai ka ɗaga `max_cells`, ga shi da tsanani kan iyakokin da aka zana da hannu, ƙusurwa ɗaya ta maimaitu sai ya ƙi fayil ɗin duka. A UTM `st_make_valid` ya share wannan.

Kuma s2 a cikin sf kaɗai yake. Da ka ciro lambobin da `st_coordinates` ka miƙa wa `dist` ko `kmeans`, digiri ne tsurarsu, ana ɗaukar ta gabas daidai da ta arewa, alhali ɗaya 108.1 ce ɗaya 110.6. A gstat kuma, in za a yi kirijin na zurfin ruwa, wato ƙiyasta shi a inda ba a auna ba daga inda aka auna, bayanai masu digiri da kilomita yake auna nisansu, masu UTM da mita. Wanda ya kwafi `range = 20` daga wani aiki ya liƙa a UTM, mita 20 ya ce, ba kilomita 20 ba.

Ɗan Birni:

Na gode ƙwarai, Malam, Malama, da yaya Na Zango. Rijiyoyi sun dawo gida. Malama, kun yi gaskiya, layi 14 a juye suke, wasu 30 kuma mintoci ne. Saura biyu. Akwai wasu ɗigon bakin iyaka, kudu da Magarya da Dungas, da aka kwafo daga wata tsohuwar takarda ta ɓangaren Najeriya. A UTM 32 suke, amma duk sun kauce wa hoton tauraron ɗan adam da mita ɗari da wani abu, kuma gefe ɗaya suka yi. Sannan an ce aikin zai faɗaɗa zuwa Difa da Tawa. In ci gaba da 32632?

Malamar Lissafi:

Kaucewa iri ɗaya, gefe ɗaya, mita ɗari da ɗoriya: wannan ba GPS ba ne, datum ne. "UTM 32" rabin suna ne, yana faɗin yadda aka shimfiɗa, bai faɗi a kan wane siffar duniya aka shimfiɗa ba. 32632 a kan WGS 84 yake, wanda GPS ke amfani da shi. Tsofaffin awon Najeriya a kan datum na Minna suke, da siffar duniya (elifsoyid) ta Clarke 1880, lambarsa a shiyyarmu EPSG:26332. Ware waɗannan ɗigon kaɗai, ka ba su laƙabinsu na gaskiya, sannan ka juya:

`st_set_crs(tsoho, 26332) |> st_transform(32632)`

Dole su kasance ba laƙabi tukuna, in ka riga ka sa musu 32632 ka fara da `st_set_crs(NA)`. Bayan juyawa ka gwada da abu uku ko huɗu da ba sa motsi kuma ana ganinsu a hoto, mararrabar hanya ko tsohon masallaci, ban da tabki, shi bakinsa da damina yake tafiya. In saura ya koma ƴan mitoci, ka dace. Kar ka sa ran sifili, juyin Minna zuwa WGS 84 iri-iri ne a cikin PROJ, kowanne da yankinsa da iyakar daidaitonsa, `sf_proj_pipelines("EPSG:26332", "EPSG:32632")` zai jero maka su. Tsofaffin taswirorin 1/200,000 na zamanin Faransa su ma a kan Clarke 1880 suke, don haka duk abin da aka kwafo daga takarda, a karanta rubutun gefenta kafin a ba shi lamba. Abin da ba na so shi ne a ja ɗigon da hannu a QGIS har su hau hoto, gobe ba mai sanin me aka yi.

Mai Taswira:

Faɗaɗawar kuma, Nijar shiyya uku ta ratsa. Daga digiri 0 zuwa 6 shiyya ta 31 ce, 32631: Yamai, Doso, garin Tawa, Ƙonni. Daga 6 zuwa 12 tamu ce: Maraɗi, Damagaram, Gure, garin Agadas. Daga 12 zuwa gabas 32633: garin Difa, Ngigmi, Bilma. A bakin shiyya UTM yana ƙara wajen santimita 90 a kilomita, wannan ba komai. In ka miƙa shi digiri 6 daga tsakiya, tsawo ya ƙaru da rabin kashi ɗaya cikin 100, faɗin fili da kashi 1. Difa da Tawa ba su kai can ba, digiri 3.6 da 3.7 ne daga layinmu, don nisan rijiya 32632 zai ɗauke su. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ka juya kowace jiha da shiyyarta sannan ka haɗa lambobin a tebur ɗaya, domin X na 500,000 yana nan a kowace shiyya, wurare uku daban.

Don kwatanta hekta tsakanin jihohi kuwa, ɗauki shimfiɗa mai kiyaye faɗi. Akwai ESRI:102022, Albers na Afirka, amma an tsara shi ne wa nahiyar duka, tsakiyarsa digiri 25 gabas, siffa tana ɗan karkacewa a wajenmu. Na fi son a yanka wa ƙasar nata:

`laea <- "+proj=laea +lat_0=16 +lon_0=9 +datum=WGS84 +units=m"`
`st_area(st_transform(lambu, laea))`

Shi faɗi yake kiyayewa, ba nisa ba, don haka hekta a laea, nisa a UTM, ajiya a 4326. In ka zo zane da ggplot2, `geom_sf` yana juya kowane shafi da kansa zuwa tsarin na farko, amma `geom_point` ba ya yi, sai ka sa `coord_sf(crs = 32632, default_crs = 4326)`. leaflet kuma 4326 yake so a ba shi.

Da ka gama, ka rabu da shapefile, ka rubuta `st_write(kauye, "ruwa.gpkg", layer = "kauyuka")`. GeoPackage fayil ɗaya ne, CRS ɗin yana cikinsa, ba .prj ɗin da zai maƙale a waya in an tura ta WhatsApp. Ɗigon Minna kuma ka buɗe musu kolon ka rubuta datum ɗinsu na asali da lambar juyin da ka bi.